Makonnin da Bawa Yake Magana da Waƙa

Alhamis, 15 ga Fabrairu, ƙarfe 4 na yamma

Mun dawo gida! Kwana tara a asibiti, yau suka sallame mu. Yaya Halidu, wan maigidana, shi ya zo da motarsa. Shi da maƙwabta biyu suka ɗauko maigidan nawa, Baban Maryam, suka kwantar da shi a ɗaki. Da muka shigo tsakar gida ya juya kai ya dubi itacen lemun da ya dasa, ya daɗe yana kallo. Ya gane gida. Allah ya sani ya gane.

Hannun dama ba ya motsi. Ƙafar dama tana ja. Baki ya ɗan karkace, magana kuma babu. Bawa makanike, wanda in ya yi wa direba faɗa a garaji ana jin muryarsa har bakin kasuwa, Bawa mai jan koral, wato ƙungiyar mawaƙa, a majami'armu, wanda shekara ashirin da shida ban taɓa ƙarasa zance a gabansa bai katse ni ba, yau "a... a..." kawai yake iyawa.

Likita ya ce ban da gishiri, maganin tansiyo, wato hawan jini, kowace safiya, a riƙa motsa masa hannu da ƙafa. Ya ce, "Madam Ajuma, ki yi ta yi masa magana." Na kusa dariya. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, yara sittin da biyu a ajina, magana ai ita ce aikina! Dirakta ya ba ni hutu har in ga yadda hali zai yi.

Pasto Sule ne ya ce in samu kaye, littafin rubutu, in riƙa rubuta duk ƙaramin abin da Ubangiji ya yi mana, kada in manta. To, ga na farko: yana da rai, kuma yana gida.

Likita ya ƙara wata magana a bakin ƙofa, game da sa'o'in da aka yi kafin a kawo shi. Wannan ba zan rubuta ba.

Juma'a, 16 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na safe

Ya sha kunu rabin kwano bai ƙware ba! Na gode, Yesu.

Asabar, 17 ga Fabrairu, ƙarfe 1 na rana

Bibata, maƙwabciyata mai sayar da kifi, ta shigo da rabin giwan ruwa da aka kawo mata daga Tunuga. Ta durƙusa bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Fofo, sannu, Malam Bawa! Ka tashi mana, duk unguwa ta yi shiru, har awaki sun raina mu." Ya yi murmushi da rabin baki. Murmushi ne, ba karkacewa ba ce, na san bambancinsu.

Da za ta fita ta tarar na kawar da randa daga inda take, na kai ta bayan madafa. Ta dube ni ta ce, "Maman Maryam, randa ba ta yi laifi ba. Ke ma haka." Na ce mata miya za ta ƙone.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, ƙarfe 2 na rana

YA YI WAƘA!

Bari in bi a hankali. Ban je sujada ba, ba zan bar shi ba. Bayan an tashi, sai ga 'yan koral su goma sha huɗu da Pasto Sule, da ganga da kacau-kacau, sun cika mana tsakar gida. Muka fito da shi kan kujera ƙarƙashin lemu. Suka yi addu'a, sannan suka ɗauki waƙar nan da shi da kansa ya tsara shekarar da kogi ya cinye gonakin shinkafa:

Riƙe ni, Yesu, ruwa ya kai wuya,
ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ina tsaye bayansa ina yi masa fifita. Da suka zo maimaici na biyu na ji wata murya daga ƙasa, mai kauri, tana ɗan ja. Na ɗauka Pasto ne. Na leƙa, bakin Pasto a rufe yake, idonsa a buɗe. Baban Maryam ne! Kowace kalma a fili: ruwa, wuya, ƙafata, ƙasa. Mai ganga ta saki ganga. Ni ban san lokacin da na yi guɗa ba, har Bibata ta haura katanga da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya.

Da aka gama na durƙusa gabansa na ce, "Maigida, kana son ruwa? Ce ruwa." Ya buɗe baki, ya yi, ya yi, babu. Kalmar da ya rera yanzu-yanzu ta ƙi fitowa. Hawaye ya zubo masa.

Amma ni na ji. Kalmomin suna ciki, ba su mutu ba!

Litinin, 19 ga Fabrairu, ƙarfe 10 na safe

Na kira 'yarmu Maryam. Tana aikin jinya a Malanbil, ƙetaren kogi, inda take aure. Daga rufin majami'a ana hango garinsu, amma tunda aka rufe gada sai dai jirgin ruwa. Ta ce, "Mama, ana samun haka. Waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a cikin kai ba. In ɗaya ta toshe, wani lokaci ɗayar tana nan." Na ce to Ubangiji ya bar mana ƙofar baya a buɗe ke nan. Ta ce za ta zo ranar Asabar.

Talata, 20 ga Fabrairu, ƙarfe 8 na safe

Talata ce. Sati biyu ke nan da ya faɗi. Na ji ƙararrawar lakwal daga nan, na rufe taga.

Laraba, 21 ga Fabrairu, ƙarfe 5 na yamma

Na gano dabara! Na ɗauki muryar waƙar tasa na cire kalmomin na sa na gida. Ina riƙe da hannunsa na hagu ina buga masa a gwiwa, ina rera, "I-na son ru-wa." Sau biyar, sau goma. A na goma sha wani abu, sai ya biyo ni. Da la'asar shi da kansa ya fara, ba tare da na ja ba: "I-na son ru-wa." Na zuba da gudu har na zubar da rabi a hanya.

Yanzu muna da uku: ina son ruwa, na ƙoshi, da zafi. Gidanmu ya koma kamar wurin biki, komai da waƙa. Ɗazu na kama kaina ina rera wa kaza ta fita daga madafa.

Ubangiji, ina roƙonka kalma ɗaya tak wadda zai faɗa da baki, yadda mutane suke faɗa, ba da waƙa ba. Ɗaya. Sauran zan jira.

Asabar, 24 ga Fabrairu, ƙarfe 6 na yamma

Maryam ta zo da goyonta, zanenta a jiƙe har gwiwa saboda jirgi bai kai gaɓa ba. Babanta ya rera mata "na ƙoshi", don shi ne abin da ya zo masa, ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya.

Murna ba ta kai la'asar ba. Maryam ta ce a kai shi Yamai, akwai masu koya wa irinsu magana da motsa jiki, ya zauna wurin ƙanwata wata uku. Yaya Halidu ya ce sam. Ya ce, "Gida za shi. Yelu. Inna ta tsufa, kullum tambayata take ina Bawa. Akwai mai gashi da ganye can, ya tada mutane da yawa. Addininmu ya bambanta da shi, amma nono ɗaya muka sha."

Na ce ni ina ganin a bar shi nan. Yaya ya juyo ya ce, ba da faɗa ba, a hankali ma ya faɗa, "To in kin koma lakwal, wa zai zauna da shi? Ko haka za a sake barin shi shi kaɗai?"

Na tashi na shiga madafa. Babu abin da ke kan wuta.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, ƙarfe 7 na safe

Maryam ta koma. An ce za a zauna Lahadi mai zuwa a yanke magana.

Talata, 27 ga Fabrairu, ƙarfe 3 na rana

Kwana biyu ya ƙi yin waƙa. Na buga masa gwiwa, ya janye. Na kawo kunu, ya ture kwanon da hannun hagu har ya wanke mini zane. Ya juya fuska bango.

Na fita bayan ɗaki na yi addu'ar da ba zan iya yi a majami'a ba. Na ce wa Ubangiji, ka buɗe rabi ka tsaya, me ke nan? Na ce in hukunci ne, ai ba shi ya kamata ka kama ba.

Babu amsa. Na wanke zanen.

Laraba, 28 ga Fabrairu, ƙarfe 11 na safe

Pasto Sule ya zo. Ban gaya masa komai ba, amma ya ga idona. Ya karɓi kayen nan ya ce in karanta masa na ranar Lahadin koral da ƙarfi. Na karanta. Ya ce, "Wanda ya yi wannan bai tafi ko'ina ba, 'yar'uwa. Ke malama ce. Yaron da ya iya 'a' yau, gobe kina dukansa don bai karanta wasiƙa ba?" Na ce a'a, ana jira. Ya ce, "To."

Ya shiga wurin Baban Maryam ya zauna da shi kusan awa guda. Da ya fito ya ce, "Ranar Asabar a tsakar gida kuka yi maganar inda za a kai shi?" Na ce e. Ya ce, "Shi yana ina?" Na ce yana kan kujera, a tsakiyarmu. Ya ce, "Wa ya tambaye shi?"

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa.

Alhamis, 29 ga Fabrairu, ƙarfe 9 na safe

Na ba shi haƙuri. Na ce bakinka ne ya rufe, ba kunnenka ba. Ya sha kunu. Yatsan ƙafar dama ya motsa, na gani da idona, sau biyu!

Asabar, 2 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Ya tsaya! Da sanda a hagu, ni a dama, daga gado zuwa ƙofa. Taki bakwai. Muka zauna muna haki mu biyu kamar mun yi noma. Tun jiya yana ta gunguni shi kaɗai, yana buga gwiwarsa, in na matso sai ya yi shiru. Wani abu yake shiryawa.

Lahadi, 3 ga Maris, ƙarfe 6 na yamma

Kai! Yau kam ban san ta inda zan fara ba.

An zauna bayan azahar. Yaya Halidu da babbar rigarsa da carbi, Maryam ta sake ƙetarowa, Pasto a gefe, ni a kan tabarma. Yaya ya fara, Maryam ta amsa, murya ta fara hawa. Ina shirin in ce a tambayi mai jikin, sai muka ji ƙwas! Ya buga sanda a ƙasa. Kowa ya juyo gare shi. Ya ɗora hannun hagu a gwiwa, ya buga sau uku kamar yadda yake ba koral alama, ya ja numfashi, ya rera:

"Ba ni zu-wa. Nan ni-ke."

Ban koya masa wannan ba! Shi ya haɗa abinsa! Ya dubi Maryam ya sake. Ya dubi wansa ya sake, har da ɗaga gira.

Yaya Halidu ya dube shi. Sannan ya ajiye carbi, ya jawo kujerarsa har gwiwarsu ta haɗu, ya share murya. Alhaji guda, mai manyan motocin kamiyo uku, wanda ban taɓa jin ko fito daga bakinsa ba, ya fara rera waƙar korar tsuntsaye da suke yi a gonar babansu a Yelu suna yara. Muryarsa kamar ƙofar kwano. Baban Maryam ya karɓa tun kafin ya kai ƙarshen layi. Suka yi ta tun daga farko har ƙarshe, tsofaffi biyu, suna nuna wa juna yatsa in ɗaya ya yi kuskure.

Da suka gama Yaya ya goge fuska da hannun riga ya ce, "To, shi ke nan. Ya faɗi. Inna ni zan kawo ta ta gan shi." Ya juyo gare ni ya ce, "Ajuma, maganar da na yi rannan, ki yafe. Motoci a tsaye suke, ba ni da aikin yi da safe. In kin koma lakwal ni zan zauna da shi."

Maryam ta ce za ta rubuto mana yadda ake motsa hannun, ta riƙa duba mu ta waya. Na dafa shinkafa da sauran kifin da Bibata ta kawo, kowa ya ci ba gishiri, ba wanda ya yi ƙorafi.

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe 8 na safe

Talata. Na kusa gaya masa. Na kawo ruwan wanka maimakon haka.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Na gaya masa. Tunda na faɗa da baki, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ran nan, Talatar da ya faɗi, da safe ya ce mini kansa na sarawa. Kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi. Ni kuma ina sauri, insifekta zai shiga ajina. Na ce, "Tunda aka rufe gada aiki ya tsaya, kowace safiya da sabon ciwon da kake tashi da shi." Na ɗauki jakata na fita. Ban waiwaya ba. Wajen sha biyu saura Bibata ta shigo aron rariya ta same shi kwance gefen randa.

Na durƙusa gaban gado na faɗi wannan duka, ko da yake ya fi ni sani. Na ce ka yafe mini. Ya buga gwiwa yana neman murya, ba ta zo ba. Ya sake, ba ta zo ba. Sai ya nuna mini ƙarƙashin gado da sanda, wurin akwatin ƙarfensa na kayan aiki. Na jawo. Ya yi alama in buɗe. Ƙarƙashin sifanu da tsumma na tarar da kwalayen maganin tansiyo, huɗu, ko ɗaya ba a ɓare ba. Tun kafin Kirsimeti. Kullum in na tambaya sai ya ce ya sha.

Ya bugi ƙirjinsa da hannun hagu. Ya nuna ni, ya kaɗa kai. Ya sake bugun ƙirjinsa.

Na ce, "Au! Ashe kai ma!" Ban san yadda aka yi ba, dariya ta kufce mini a tsakiyar kuka, shi ma kafaɗarsa tana rawa. Na riƙe hannunsa mai motsi da marar motsin duka, na yi mana addu'a mu biyu, na ce Ubangiji ga masu laifi biyu a ɗaki ɗaya, ka yi mana jinƙai. Wata guda ban yi numfashi irin na yau ba.

Juma'a, 8 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Mun koma asibiti. Tansiyo ya sauka, ƙafa tana dawowa. Hannun kuwa, likita ya ce kada mu sa rai sosai. Baban Maryam ya dubi hannun nan da ya kwance injin kamiyo ba adadi.

Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe 7 na safe

Na motsa masa hannun duk da haka. Zan yi gobe ma. Likita ya faɗi abin da ya sani.

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Inna ta zo daga Yelu. Ta shafa fuskarsa tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Ɗan nan tun yana ƙarami surutu ya yi masa yawa, Allah ya ba shi hutu ne." Ta tofa masa addu'arta, ya sunkuyar da kai ya karɓa. Gobe zan koma lakwal. Na goge kaya sau biyu.

Litinin, 11 ga Maris, ƙarfe 5 na yamma

Ubangiji! Ubangiji!

Yaya Halidu ya zo tun bakwai, da azuminsa na farko a baki. Na ba Baban Maryam magani, na tsaya har na ga ya haɗiye, na sa ya buɗe baki na duba. Na fita na dawo sau biyu, sai da ya kore ni da sanda.

A aji jikina ne kawai yake tsaye. Da aka buga ƙararrawar hutun ƙarfe goma na tare ɗan kabu-kabu, wani dattijo mai furfura, na ce gida, da sauri, ka jira ni ka mayar da ni. Na tarar da su a ƙofar gida cikin inuwa, Yaya ya fito masa da kujera, suna kallon masu wucewa. Lafiya lau. Yaya ya ce, "Madam, koma wurin yaran mutane."

Na hau bayan moto, babur ɗin nasa. Moto ta ƙi tashi. Mutumin ya taka, ya taka, ta yi tari ta mutu. Ya leƙa tanki, da mai. Ya jijjiga ta, ya sake takawa. Zufa ta wanke shi, ni kuma ina duban agogo. Sai na lura Baban Maryam ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta haɗe irin yadda take yi a garaji in direba ya ɓata masa rai. Mutumin ya durƙusa ya fara taɓa wata waya can baya. Baban Maryam ya buga sanda. Mutumin bai kula ba. Ya sake bugawa. Sai kawai muka ji, da tsohuwar muryar nan tasa mai kaiwa bakin kasuwa:

"Buji!"

Ba waƙa. Ba bugun gwiwa. Faɗa ne, tsawa ce irin ta da!

Yaya Halidu ya miƙe tsaye yana kabbara. Ni na duro daga moto na durƙusa a tsakiyar hanya da kayan aikina na goge, hannu sama, ina kiran sunan Yesu. Bibata ta fito da gudu. Mai moto, bawan Allah, bai san abin da ke faruwa ba, ya ce, "To, Malam, na ji, na ji," ya kwance bujin, wato filogin, ya same shi baƙi ƙirin, ya goge da gefen riga, ya mayar. Taku ɗaya ta tashi. Baban Maryam ya koma ya jingina yana hura hanci, kamar ba abin da ya faru.

Na shiga aji da jinkirin rabin awa, gwiwoyina duk ƙasa. Dirakta ya ce, "Madam, lafiya?" Na ce, "Buji ne, Mushe Dirakta." Ya ce Allah ya kyauta, motocin yanzu ba su da kirki.

Tun da na dawo nake lallashinsa ya sake faɗin wani abu. Bai sake ba. Ruwa ma da waƙa ya roƙa. Ba komai. Na ji, Yaya ya ji, Bibata ta ji ta bayan katanga, na kira Maryam ta yi ihu har marasa lafiya suka firgita.

Ubangiji, kalma ɗaya na roƙe ka, ban ce maka wacce ba. Na karɓi wannan da hannu biyu.